Alkamar da Aka Haska: Guba Ce?

Tambaya: Malam, na ji ana haska irin alkama da hasken gama domin ya jure zafi. Anya ba guba za mu ci ba?

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Hasken gama wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani; wucewa yake yi, ba ya zama cikin ƙwayar. Ƙwayoyin gado kawai yake jirkitawa. Tun 1928 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Lewis Stadler, ya gwada hakan a kan sha'ir.

Aikin yana gona. A shuka dubbai, da yawa su fito nakasassu, sai a zuriya ta biyu a fara zaɓe. Zafin da ya haura digiri 30 lokacin da zangarniya ke cika yana yamutsa ƙwaya. Wadda ta cika fal duk da haka, ita ake warewa domin iri.