Amsa: ina yaron Poland da ya jefa ma Ajantina kwallo a 2007 ya shiga?

Malam wanda kake tambaya Dawid Janczyk ne, haifaffen garin Nowy Sacz na Poland a 1987, kuma ba rauni ne ya kashe mai kwallo ba kamar yadda kake zato, giya ce. Shi da bakinsa ya fito ya fada daga baya.

A kofin duniya na yan kasa da shekara 20 a Kanada kwallo uku ya ci, ya ci Koriya ta Kudu ya ci Amurka, sannan ya fara jefa ma Ajantina kafin Di Maria da Aguero su rama a tashi 3-1. Daga nan CSKA Mosko ta siye shi daga Legia Warsaw kan kudi sama da Yuro miliyan 4, yaro dan shekara 19 fa, an kai shi bakon gari ga kudi a aljihu ga yan Brazil Vagner Love da Jo sun tare gaba ba wajen bugawa, sai zaman benci, to nan kwalba ta samu shiga.

Da aka ba da shi aro Lokeren ta Beljiyam ya dan farfado yana cin kwallaye, amma abin bai dore ba. Aro kan aro, Beerschot, Korona Kielce, Yukiren, karshe kananan kungiyoyi a gida.

Ni wallahi abin na min ciwo, kuma ban dora mai laifin shi kadai ba, shaye-shaye ciwo ne, da an bar shi shekara biyu a Legia yana buga wasa kullum ina ganin da ba haka ba.