Injin yankan ciyawa da zai jure fili mai tudu da duwatsu

Malam, ka tambayi wane injin yankan ciyawa mai tuƙa kansa (wanda mutum ke riƙe da shi yana binsa a baya) ne zai jure filin gidanka da ke wajen Kufena a Zariya, mai gangare da tsakuwa. Abu na farko da za ka duba shi ne tayoyin da ke jan injin. Ka zaɓi wanda tayoyin baya ne ke ja, domin idan ana hawan tudu nauyi yana komawa baya, musamman in buhun ciyawa ya cika, sai na gaba su riƙa juyawa ba tare da sun kama ƙasa ba. Tayoyin bayan su kasance manya, kamar inci 11, saboda ƙanana suna maƙalewa a ramukan da zaizayar damina ke bari.

Murfin wuƙar ya zama ƙarfe mai kauri, girman injin kuma kada ya gaza 160cc. Ni dai na fi karkata ga Honda ko Briggs & Stratton, amma kafin ka biya, ka tabbatar za a samu wuƙa da bel a Sabon Gari.

Abin da ya fi kashe injin a irin filinka shi ne wuƙa ta daki dutse ko suri, ta lanƙwasa sandar da ke juya ta, gyaran kuwa yana da tsada ƙwarai. Don haka a tsince duwatsu kafin yanka, a ɗaga tsayin wuƙar, a kuma bi gangaren a gicciye. Inda gangaren ya wuce digiri 15, gara a sa lauje.