Ga ƙanenmu mai tambayar inda zai wuni idan ya gama sayayya a Dubai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanenmu da ya yi tambaya shekaranjiya ya ce zai tashi daga Maradi zuwa Dubai sayen kaya karo na farko, kuma lissafinsa ya nuna za a sami yini guda tsakanin gama sayayya da ranar tashin jirgi. Yana son sanin ko akwai wani garin masu hali a cikin hamadar can da mutum zai je ya wuni shi kaɗai, ba tare da ya tsara komai ba, ba kuma tare da ya biya kamfanin yawon buɗe ido ba. Na ga wasu sun ce ya zagaya manyan kantuna kawai. Ni dai shawarata ita ce ya tafi Al Ain, kuma zan faɗi dalili daga abin da idona ya gani.

Ni ma ba da niyya na je ba. Mun gama ɗaure kayanmu a Deira, unguwar ƴan kasuwa a Dubai, ni da wani abokin kasuwancina ɗan unguwar Zariya ta Maradi, sai mai ɗaukar mana kaya ya ce ba za a auna su ba sai jibi. Zaman ɗakin otel ya ishe mu, muka fita bayan sallar asuba zuwa tashar Al Ghubaiba, muka shiga motar safa mai zuwa Al Ain da katin Nol ɗin da muke hawa jirgin ƙasa na cikin gari da shi. Tafiyar kamar sa'a biyu ce a kan kwalta mai santsi, kuma tun kafin a yi rabi za ka ga dogayen benaye sun ɓace a baya, tuddan rairayi masu ja-ja sun tsaya dama da hagu, ga raƙuma a bayan shingen waya.

Al Ain tana cikin masarautar Abu Dhabi ne, a bakin iyakar Oman, tana fuskantar garin Buraimi. Sunan da Larabci yana nufin ido, kuma yana nufin wurin da ruwa ke ɓuɓɓugowa, daidai yadda mu ma muke cewa idon ruwa. Arzikin garin bai yi kama da na Dubai ba. Gine-ginen ba su da tsawo, gidajen manya suna bayan katanga mai launin ƙasa, itatuwa sun yi layi a tsakiyar tituna, kuma ba ka jin hayaniyar ƴan kasuwa. Wanda ya san yadda manyan alhazanmu ke gina gida mai faɗin tsakar gida su dasa mangwaro da lemo a ciki zai gane irin wadatar da nake nufi.

Daga tasha muka taka da ƙafa zuwa gonar dabinon da ke tsakiyar gari, ba a karɓi ko sisi a ƙofa ba. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan nake son ƙanenmu ya daɗe. Filin ya kai hekta 1,200, itatuwan dabino kuwa sun kai 147,000, kuma tun shekarar 2011 hukumar UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran tsoffin wuraren garin. Da ka shiga tsakanin katangun gonakin sai ka ji zafin ya sauka daga kanka kamar an sauke maka kaya. Ganyen dabino ya haɗe a sama, rana tana ɗigowa ƙasa kaɗan-kaɗan, a ƙarƙashinsa kuma ga mangwaro, ga ayaba, ga ɓaure, har da kurna irin wadda muke tsinta muna yara.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ruwan. Wata siririyar magudana ce da faɗinta bai wuce kamu biyu ba, tana bin gefen hanya, ruwa garau yana gudu a cikinta ba ƙarar inji. Suna kiran tsarin falaj: rami ne da mutanen dauri suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa daga gindin duwatsu, suka bar gangara ta jawo ruwan zuwa gonaki, kuma an gano irinsa a yankin Hili na Al Ain wanda ya kai shekara 3,000. Na ga wani ma'aikaci ya durƙusa ya zare wani ɗan allo daga bakin magudana, ya toshe ɗaya ɓangaren da tsumma da dutse, nan take ruwa ya juya ya shiga gonar maƙwabci, domin kowace gona tana da lokacinta. Na tsaya a wurin ina tuna Jiratawa ta kusa da Maradi, inda masu zogale ke jiran wutar lantarki kafin famfo ya tashi, ina tuna Gulbin Maradi da ke cika da damina ya koma rairayi da rani. Ba ina cewa ƙasarmu da tasu ɗaya ba ce, don su suna da dutse a kusa da ke tara musu ruwa, amma ladabin rabon ruwa da na gani abu ne da ba ya bukatar kuɗin man fetur. An ce mini Shaihu Zayed, wanda ya riƙe yankin daga 1946 kafin ya zama sarkin Abu Dhabi a 1966, da gyaran waɗannan magudanu ya fara samun zukatan mutane, tun kafin a kafa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1971.

Bayan azahar muka leƙa ganuwar Al Jahili, ginin laka da aka yi a ƙarshen ƙarni na 19. Bamaraɗe ba zai yi mamakin tubali da yaɓe ba, sai dai yadda ake kula da su. A ciki akwai hotunan Baturen Ingila Wilfred Thesiger, wanda Larabawa suka sa wa suna Mubarak bin London, ya ratsa babbar hamadar Rub'ul Khali a kan raƙumi a shekarun 1940. Rabin sa'a ta ishe mu.

Kasuwar raƙuma kuwa direban tasi ne, wani ɗan Pakistan, ya ba mu shawarar zuwa, ba mu ma san da ita ba. Tana bayan wani katafaren kanti mai suna Bawadi Mall, kuma wannan maƙwabtakar ita kanta abin kallo ce: a gaba motoci masu tsada da sanyin na'ura, a baya warin kashin dabbobi da kukan raƙumi. Na ga mai saye ya sauko daga mota da farar jallabiya ko ɗigon ƙura babu, ya buɗe leɓen raƙumi ya duba haƙora, ya shafa ƙafafu, ya juya kamar zai tafi, dillali ya riƙo hannunsa. Abokina, wanda iyayensa suka yi fataucin dabbobi ta wajen Dakoro, ya ce wannan cinikin bai bukaci tafinta ba. A nan ƙanena ka kiyaye abu ɗaya: wasu masu kiwon za su ja ka su ce ka ɗauki hoto da ɗan raƙumi, bayan ka ɗauka su nemi kuɗi. Ku yi magana tun farko. Kada kuma ka ɗauki hoton mutum, musamman mace, ba da izininsa ba, domin dokar ƙasar tana hukunta hakan.

Da la'asar ta yi sanyi muka shirya da direban ya hau da mu dutsen Jabal Hafit ya kuma jira mu. Tsawonsa mita 1,249 ne, hanyar hawan kusan kilomita 12 tana lanƙwasa kamar igiya. Daga can sama ne na fahimci garin gaba ɗaya: kore a tsakiya, hamada ta kewaye shi ko'ina, Oman tana gefe. Muka yi magariba a can, fitilun tituna suna kunnuwa a ƙasa layi bayan layi.

Duk da na ce kada ka tsara yinin, akwai abubuwan da ba a barinsu ga sa'a. Ka riƙe fasfonka a jikinka, domin garin na bakin iyaka ne, kuma kada ka yarda wani ya ce zai tsallaka da kai Buraimi, tunda bizar da ka shigo da ita tana iya mutuwa da zarar ka fita. Ka tambayi lokacin motar ƙarshe tun da ka sauka a tasha. Ka yi cinikin jira da direba kafin ku hau dutse, don a sama ba a samun tasi cikin sauƙi. Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Nuwamba da Maris, ka taka da ƙafa yadda kake so; idan kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne, zafin yana wuce digiri 45, ya fi na Afrilunmu, don haka ka shiga gonar da sassafe, ka fake da rana tsaka a masallaci ko kanti. Ka kuma bar kuɗin kaya a inda ka adana su, ka fita da na mota da abinci kawai.

Mun iso Deira bayan isha'i da ledar dabino guda biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ta maƙwabta a kasuwa. Allah ya kai ka lafiya, ƙanena, kuma idan ka dawo Maradi ka gaya mana ko ka tarar da ruwan yana gudu.