Wane Kwatabak Ne Magoya Bayan Alabama Suka Fi Ƙauna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na fara kallon ƙwallon Amurka ne a watan Fabrairun 2025, daren da Jalen Hurts ya jagoranci Philadelphia ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararru ta Amurka. Da na bi tarihinsa sai na ga cewa a jami'ar Alabama an taɓa cire shi ana tsakiyar wasan ƙarshe, daga baya ma ya bar makarantar, amma har yau magoya bayanta suna ambatonsa da alheri. Cikin duk waɗanda suka riƙe matsayinsa na kwatabak a Alabama, wa suka fi so, kuma da me suke auna shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayar taka ta faɗo a kan gaɓa mai kyau, domin da wuya a sami makarantar da wannan muhawara ta yi zurfi a cikinta kamar Alabama. Kafin mu shiga sunaye, ya kamata mai karatun da bai saba da wasan ba ya san aikin kwatabak. Shi ne ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ne yake sanar da 'yan wasa dabarar da za a bi, sannan ya zaɓi ko ya jefa ƙwallon, ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa. Ƙungiya tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi goma, idan ta kai ƙwallo gidan abokan hamayya ta sami maki shida. Saboda komai ta hannunsa yake bi, shi ne na farko da ake yabo, shi ne kuma na farko da ake zargi. A garin Tuscaloosa, inda filin wasan jami'ar yake ɗaukar mutum kusan dubu ɗari, wannan nauyi yana kan saurayin da sau da yawa bai wuce shekara ashirin ba.

Idan alƙaluma ne ma'auni, da maganar ta ƙare tun tuni. Mac Jones ya yi jifan yadi 4,500 a kakar 2020, ya ba da ci 41, sau huɗu kacal abokan hamayya suka cafe jifansa, ƙungiyar ta ci wasanninta 13 duka, ta doke jami'ar Ohio State 52 da 24 a wasan ƙarshe na kofin jami'o'in ƙasar. Bryce Young kuwa a 2021 ya zama kwatabak na farko daga Alabama da ya karɓi kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar. Ana girmama su biyun ƙwarai, amma idan hira ta yi hira tsakanin magoya baya, ba sunayensu ne suke sa murya ta canza ba. A fahimtata, abin da mutanen Alabama suke riƙewa shi ne wata rana guda da ɗan wasa ya fitar da su kunya, da kuma yadda ya ɗauki wuya sa'ad da ta same shi.

Dattawa za su fara maka da Joe Namath, wanda ya zo daga garin Beaver Falls na jihar Pennsylvania ya buga wa koci Paul Bryant daga 1962 zuwa 1964. Bryant, wanda ake yi wa laƙabi da Bear, ya taɓa cewa bai horar da ɗan wasa mai baiwar Namath ba, amma hakan bai hana shi dakatar da shi a ƙarshen kakar 1963 saboda karya dokar ƙungiya ba, har ya rasa Sugar Bowl, ɗaya daga cikin manyan wasannin rufe kaka. Namath ya karɓi horon, ya dawo, ya ji rauni a gwiwa a watan Oktoban 1964, ya ci gaba da bugawa yana ɗingishi har aka ayyana Alabama zakarar ƙasa. A wasan Orange Bowl na ranar 1 ga Janairun 1965 ya shigo daga benci da wannan gwiwa, ya kusa kuɓutar da ƙungiyar daga hannun Texas, aka tare shi a bakin layin ci, aka tashi 21 da 17, kuma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon wasan. Abin da ya yi daga baya a ƙungiyar ƙwararru ta New York Jets, musamman kofin Super Bowl na Janairun 1969, ya ƙara wa sunansa haske, har waɗanda ba su taɓa ganinsa cikin jar rigar Alabama ba suna kiransa nasu.

Sai dai idan ka matsa wa dattijon da aka haifa a jihar, mai yiwuwa ya ce maka Ken Stabler. Namath baƙo ne da ya zama ɗan gida, Stabler kuwa ɗan gida ne tun asali, daga ƙaramin garin Foley da ke kudancin jihar, bahago, mai laƙabin Maciji saboda yadda yake sulalewa tsakanin masu tare shi. A 1966 ya jagoranci ƙungiyar ta ci wasanni 11 ba tare da an doke ta ko an yi canjaras ba, ta lallasa Nebraska 34 da 7, amma masu kaɗa ƙuri'a suka ajiye ta ta uku a bayan Notre Dame da Michigan State, waɗanda suka tashi 10 da 10 a tsakaninsu. Wannan ciwo bai warke ba har yau, kuma ya sa ana kallon Stabler a matsayin wanda aka hana haƙƙinsa. Ranar da ta dasa shi a zukata ita ce 2 ga Disambar 1967, a filin Legion da ke Birmingham, a karawa da babbar abokiyar gaba, Auburn. Ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama caɓi, taɓo ya rufe lambobin riguna, jifa ya gagara, Auburn tana gaba da maki uku har aka shiga zango na ƙarshe. Stabler ya karɓi ƙwallo ya karkata dama kamar zai miƙa wa na bayansa, sai ya riƙe abinsa ya keta, ya yi gudun yadi 47 cikin laka har gida, aka tashi 7 da 3. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma da ka ce “gudun cikin taɓo” kowa a jihar ya san abin da kake nufi. Ya rasu a 2015.

Akwai sunan da baƙo ba zai ji ba sai ya zauna da tsofaffi, wato Pat Trammell, wanda ya kai Bryant ga kofinsa na farko a 1961. Ba shi da hannun Namath, amma ya iya jan mutane. Ya zama likita, ciwon daji ya ɗauke shi a 1968 yana da shekara 28, kuma an san cewa mutuwarsa ta girgiza Bryant matuƙa. Haka nan bai kamata a tsallake Walter Lewis ba, baƙar fata na farko da ya zama kwatabak na dindindin a makarantar da sai a 1971 baƙaƙe suka fara buga mata wasa, kuma shi ne ya riƙe matsayin a wasan Bryant na ƙarshe a Disambar 1982.

Misalin da ya fi nuna cewa alƙaluma ba su ne komai ba shi ne Jay Barker. A wasan da Alabama ta doke Miami 34 da 13 ta ɗauki kofin kakar 1992 ƙarƙashin koci Gene Stallings, jifansa huɗu ne kawai suka isa hannu cikin goma sha uku, jimillar yadi 18, domin masu tsaron baya da masu gudu ne suka yi aikin. Amma a wasanni 38 da ya fara, ya ci 35, aka doke shi sau biyu, aka yi canjaras ɗaya, kuma mutanen zamaninsa suna son shi saboda natsuwarsa da kamun kansa. AJ McCarron, ɗan garin Mobile, shi ne magajinsa a wannan fanni a zamanin koci Nick Saban: kofi biyu a jere a kakannin 2011 da 2012, da nasara 36 cikin wasanni 40. An daɗe ana cewa mai lallaɓa wasa ne kawai, ƙarfin na abokansa ne, kuma ina ganin an rage masa, domin duk wanda ya ga yadda ya tuƙa ƙungiyar a mintunan ƙarshe a gidan jami'ar jihar Louisiana (LSU) a 2012, sannan ya zauna a benci yana hawaye bayan an ci, ya san nauyin da yake ɗauke da shi.

Yanzu sai mutumin da ka tambaya a kansa. Hurts ya karɓi ragama a 2016 yana ɗan shekarar farko, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, Clemson ta ƙwace kofin 35 da 31 saura daƙiƙa ɗaya a tashi. Shekara ta zagayo ya sake kai su, a birnin Atlanta ranar 8 ga Janairun 2018, amma aka tafi hutun rabin lokaci Georgia tana gaba 13 da nema, shi kuma jifansa bai wuce yadi 21 ba. Saban ya ajiye shi ya sa Tua Tagovailoa, yaro ɗan Hawai mai asalin Samowa, bahago kamar Stabler, wanda bai taɓa fara wasa ba. Tua ya farke, aka shiga ƙarin lokaci, Georgia ta sami maki uku, sannan a yunƙurin farko aka kayar da shi baya da yadi 16. A yunƙuri na biyu, ana neman yadi 26, ya kalli dama don ya janye mai tsaro, ya juyo ya cilla ƙwallo hagu, DeVonta Smith ya cafe yana gudu, aka tashi 26 da 23. Da wannan jifa ɗaya Tua ya shiga sahun Namath da Stabler, kuma akwai matasa da yawa da ba za su taɓa ambaton wani kafin shi ba, musamman bayan mummunan raunin ƙugu da ya kawo ƙarshen zamansa a makarantar a Nuwambar 2019.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a daren nan shi ne Hurts. Mutum ne da ya ci wasa 26 cikin 28 da ya fara, aka sauke shi a gaban ƙasa baki ɗaya, amma duk lokacin da kyamara ta juyo gefen fili yana tsaye kusa da Tua yana ƙarfafa masa gwiwa, da aka ci kuma ya ruga cikin fili yana murna, da aka sa masa makirufo ya yabi yaron da fara'a. Kowa ya ɗauka zai tattara ya tafi. A shekarar ce ma aka kawo dokar da ta ba ɗan wasa damar buga wasa huɗu ya janye ba tare da ya yi asarar shekararsa ba, kuma Kelly Bryant na Clemson, da irin haka ta same shi, ya yi amfani da ita ya bar makarantarsa. Ban ga laifinsa ba, domin haƙƙinsa ne. Hurts dai ya zauna, ya yi kaka guda cur yana mataimaki, yana shiga idan an riga an yi nisa da ci.

Ranar 1 ga Disambar 2018, a fili ɗaya, da abokiyar karawa ɗaya, Tua ya ji rauni a idon sawu a zango na ƙarshe, Georgia tana gaba 28 da 21. Hurts ya shigo, ya jefa wa Jerry Jeudy aka yi kunnen doki, sannan saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya riƙe ƙwallo ya yi gudun yadi 15 da kansa, aka tashi 35 da 28. Saban, wanda ba a san shi da nuna taushin zuciya ba, muryarsa ta yi rawa da aka tambaye shi game da yaron. Hurts ya kammala digirinsa a watan, sannan ya koma Oklahoma don shekararsa ta ƙarshe, inda ya zo na biyu a ƙuri'ar Heisman ta 2019. Saboda ya tafi ne bayan ya sauke duk abin da ke wuyansa, babu wanda ya riƙe shi a zuci, kuma da ya ɗaga kofin da ka kalla, Alabama da Oklahoma kowacce ta ce ɗanta ne.

Amsar kai tsaye ita ce ta danganta da shekarun wanda ka tambaya. Wanda ya haura saba'in zai raba zuciyarsa tsakanin Namath da Stabler, kuma ina zaton Stabler zai ɗan rinjaya a cikin jihar, Namath kuma a wajenta. Wanda ya girma a shekarun 1990 zai ce Barker, wanda ya buɗe ido a zamanin Saban zai yi ta kai da komo tsakanin McCarron da Tua. Idan ana maganar iya jifa, ni Tua zan ba, Young yana biye da shi. Amma idan ana maganar wanda dattijo da matashi za su haɗu a kansa ba tare da gardama ba, ban ga wanda ya kai Hurts ba, kuma da za a ba ni ƙuri'a ɗaya shi zan kaɗa wa. Ka nemi zangon ƙarshe na wasan nan na Disambar 2018 a intanet ka kalla daga inda aka fitar da Tua, ka kuma saurari ihun da filin ya ɗauka lokacin da Hurts, mai lamba biyu, ya sa hular kwanonsa ya nufo tsakiya.