Jirgin da littafin gyaransa ya ɓata, nawa za a taya?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na samu jirgin sama ƙirar Cessna Caravan na hannu, ina so in riƙa ba da shi shata. Injiniya ya duba, ya ce tayoyi sun cinye, injin ya yi awa 2,900 tun babban gyara, kuma littafin gyara na shekara biyu ya ɓata. Ƙanena da ke dillancin ya ce in nemi ragin kashi 10 in biya.

Amsa: Alhaji, ka ambaci ɓatan littafin a ƙarshe kamar ƙaramin abu, alhali shi ne maganar gaba ɗaya. Rabu da zancen tayoyi.

A littafin nan ake rubuta awannin tashi, kayan da aka canza, da umarnin gyara na tilas da aka cika. Idan babu shekara biyu, wa ya tabbatar maka da awa 2,900 ɗin? Ta ina za ka san ba a taɓa buga farfela a ƙasa ba? Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ba za ta ba ka shaidar cancantar tashi a kan maganar baki ba. Haka jirgi ke zama a filin Malam Aminu Kano, kuɗin ajiya da inshora na cin mai shi, bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Ka ba mai sayarwa wa'adi ya nemo kwafi daga kamfanonin da suka yi masa gyara a shekarun nan. In ya kasa, duk abin da ba a tabbatar da awanninsa ba ka lissafa shi a matsayin wanda zai shiga babban gyara, ka cire kuɗin daga farashi. In ya ƙi, ka haƙura da jirgin.

Ko littafin ya fito, injin PT6A na Caravan awa 3,600 yake yi kafin babban gyara, saura 700 ke nan. Nemi farashin gyaran a rubuce. A ce dala 360,000 ne, kowace awa dala 100. An riga an cinye ta dala 290,000. Ka duba ko farashin jirgin ya nuna haka.

Ƙanenka kuwa la'adarsa sai ciniki ya faɗa, don haka kada ya yanke maka ragi. Kuɗin su zauna hannun kamfanin riƙon amana har takardu su cika, a kuma tabbatar babu bashin banki a kan jirgin.