Allon ya kama, kwamfiresa bai tashi ba

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce: "Oga, na ɗaura STC-1000 a ɗakin sanyi na wani mai kifi, allon ya kama, fitilar sanyi ta kunna, ina jin ƙas a ciki, amma kwamfiresa shiru. Na sa wayoyinsa biyu a 7 da 8. Ko na'urar ce jabu?"

Na'urar, wato tamostat ɗin da ke kunna sanyi ta kashe bisa digirin da aka saita mata, lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka karanta zanen da ke bayanta ba, kuma Allah ne ya rufa maka asiri da bai tashin ba.

Ramuka takwas gare ta. 1 da 2 wutar da take ci, 3 da 4 na sansa mai auna sanyin ɗaki, 5 da 6 na zafi, 7 da 8 na sanyi. Abin da ku yaran yanzu ba ku tsayawa ku gane shi ne 7 da 8 ba sa fitar da wuta ko kaɗan. Makunni ne kawai, kamar na bango: ya haɗe, ya rabe. In ba ka kai masa layif ba, wato wayar da ke ɗauke da wuta, ba abin da zai miƙa wa kowa. Sai ka ɗauko guntuwar waya daga 1, inda layif ya shiga, ka kai 7, abin da ya fito daga 8 shi ne wutarka. Kafin wannan ma, duba takardar da ke jikinta, domin akwai ta bolt 12, akwai ta 24, akwai ta 110, akwai ta 220. Tamu ta 220 ce.

To, na san abin da zuciyarka take raya maka yanzu: ka ja waya daga 8 kai tsaye zuwa kwamfiresa ka karɓi kuɗinka. Kul! Wannan ne ya sa na zauna rubuta maka amsa.

An rubuta amp 10 a jikin wannan makunnin, sai yaro ya ga kwamfiresa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan amp 7 ko 8, ya ce ai ya isa. Wancan lissafin na lokacin da yake tafiya ne. A daƙiƙar da zai tashi yana fizgar ninki biyar ko shida na wannan. Kowane tashi sai tartsatsi ya ɗan ci bakin ƙarfen da ke cikin makunnin, har ranar da zai narke ya manne.

Haka aka yi wa wani abokin sana'armu a Yauri, mutumin da ya fi shekara ashirin yana gyaran sanyi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani dillalin kifi ya ba shi aikin ɗakin sanyi. Ya rubuta masa kaya, har da kwantakta (babban makunni mai ɗaukar wutar kwamfiresa) da obalod (mai yanke wuta in jan ya yi yawa) da na'urar kare ƙarancin wuta. Dillalin ya ɗauki biro ya soke ukun nan, ya ce wani yaro ya gaya masa duk ƙarin kuɗi ne, tamostat kaɗai ta isa. Bawan Allahn nan ya yi bayani har ya gaji, daga ƙarshe kunya ta kama shi, don mutumin surukin maƙwabcinsa ne, ya haɗa yadda aka ce. Wata biyu abu na aiki, dillali na yawo yana cewa ya kama mai son cin kuɗinsa. Da bazara ta kankama, cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙofa ba ta minti goma a rufe, makunnin ya manne. Allon yana nuna ya kashe, kwamfiresa kuwa bai tsaya ba dare da rana. Ƙanƙara ta lulluɓe kwayil ɗin ciki, wato bututun da ke sanyaya iskar ɗakin, har iska ta daina ratsawa, gas ya riƙa komawa kwamfiresa yana ruwa, ya wanke masa mai, ya kashe shi. Ranar Juma'a aka rufe ɗakin, sai Lahadi aka buɗe. Ragon ruwa da tarwaɗa cike da kwanduna, ciki ya kumbura, wari har bakin titi. Dillalin da ya soke kaya da hannunsa shi ne ya kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, ya hana cikon kuɗin aiki, ya ce sai an biya shi kwamfiresa. Takardar da ya soke ɗin kuwa tana aljihunsa, ya ce bai taɓa ganinta ba. Mutumin kirki ya sayar da babur ɗinsa ya biya, kuma ya fi shekara ba wanda ya kira shi aiki a garin. Araha ba ta ado, amma a sana'ar nan wanda ya nemi arahar ba shi ke biya ba.

Don haka ga yadda za ka yi. Wayar da ta fito daga 8 ta bi ta 95 da 96 na obalod, in akwai makunnin matsin gas ta bi ta cikinsa shi ma, sannan ta shiga A1 na kwantakta. A2 ya koma nutural. Ka tabbata kwayil ɗin kwantaktar, wato naɗin wayar da ke tsakanin A1 da A2, na 220 ne. Wannan layin ba ya ɗaukar nauyi, waya mai kaurin 1.5 ta ishe shi. Wutar kwamfiresa kuwa daga burekarsa za ta taso da waya 2.5, ta shiga kwantakta ta sama, ta fita ta obalod. Obalod ɗin ka saita shi a kan amp ɗin da ke rubuce jikin kwamfiresa, ba yadda ranka ya so ba. Maganar kashe wuta kafin aiki da ɗaure wayar ƙasa, in sai na gaya maka, to tattara kayanka ka koma gida.

Saiti huɗu ne. Danne S kamar daƙiƙa uku, F1 zai fito. Shi ne sanyin da kake so. Ɗanyen kifi sa 2. F2 tazara ce, sa 2 ko 3, wato zai tsaya a 2 ya sake tashi a 4 ko 5. In ka matse tazarar zuwa 0.5 don a ce ka iya, kwamfiresa zai yi ta tashi yana tsayawa har ya gaji. F3 jinkiri ne, daga minti 1 zuwa 10, yana zuwa a kan 3. Ni ina ganin 5 ya fi dacewa da mu, inda ake ɗauke wuta a mayar, a juya zuwa janareta a dawo. Kwamfiresa na buƙatar matsin gas ya daidaita kafin ya sake tashi, in ba haka ba sai ya yi ta gurnani yana zafi. Mai kaya zai tsaya a kanka yana cewa ya cika jinkiri. Kar ka rage masa. Ka danna maɓallin kunnawa sau ɗaya bayan saiti, in ba haka ba ba za ta riƙe ba.

Sansa kuma ka rataye shi inda iska ke komawa cikin kwayil. Kar ya taɓa bututu, kar ya zauna a bakin iskar da ke fitowa, kar ya kusanci ƙofa, kuma kar wayarsa ta kwana cikin bututu ɗaya da wayar wuta. Kafin ka ɗaure shi, daka ƙanƙara a kofi, zuba ruwa kaɗan, tsoma shi minti biyar. Sifili ya kamata ka gani. In ya kauce, F4 ke gyarawa. In allon ya nuna EE yana ƙara, sansan ne ko wayarsa. Auna sansan da mita: wajen om dubu 10 a digiri 25, a zafin Birnin Kebbi da rana kuwa zai sauko kusan dubu 6, kar ka ce ya lalace.

Sauran tamostat da kake gani a bidiyon Amurka masu R da C da Y da W da G, na bolt 24 ne. Ka ba su wutarmu, hayaƙi za ka gani.

Abu ɗaya da ba ka faɗa mini ba: kifin ɗanye ne ko daskararre? In mutumin yana son digiri 18 ƙasa da sifili, cire STC-1000, ba ta da narkar da ƙanƙara. Nemi irin Dixell XR06CX mai sansa biyu, mai makunnin fanka da na hitar narkar da ƙanƙara. Ka rubuta kayan a takarda biyu, ya sa hannu a duka, ka riƙe ɗaya. Gobe bayan Azahar ka kawo mini hoton allon haɗin kafin ka ba shi wuta.