Matsayin masu sana'a a tsofaffin hotunan bugu na Turai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsofaffin hotunan da ake bugawa a Turai suna nuna matsayin masu sana'ar hannu. Ƙwarai kuwa.

Dubi littafin sana'o'i da Jost Amman ya zana, aka buga a Jamus a 1568. Hotuna 114 ne da aka sassaƙa a katako, kowane da baitocin Hans Sachs a ƙasansa, wanda shi kansa baduku ne mai ɗinkin takalma. Jerin kaɗai ya ba ka amsa: Fafaroma a farko, sarakuna da manya na biye, sannan masu sana'a, wawaye a ƙarshe. Za ka ga baduku a shagonsa, yaransa sun duƙufa kan ɗinki, takalma a rataye, mai saye na tsaye a bakin taga. An mutunta aikin, amma mutumin ba shi da suna, sana'arsa kawai aka rubuta.

Hotunan mutane da mai zane Van Dyck ya zana, aka tattara a birnin Antwerp a 1645 kuwa, sun jera masu zane tare da sarakuna da masana, cikin tufafin alfarma, kowa da sunansa. Abin da ke damuna shi ne, yawancinsu sai da aka raba hannunsu da kayan aiki a hoton kafin su samu wannan girman.